Tarihi Da Son Zuciya: Yadda Kowa Ke Ba Da Labarin Jihadin 1804 Don Biyan Buƙatarsa



Shugaban wannan zama, iyayenmu da malamanmu, 'yan'uwa maza da mata, musamman matasanmu da ke riƙe da waya dare da rana suna kare tafiya, ina yi muku barka da yamma. An ce in yi magana a kan tarihi da son zuciya. Na ga idan na tsaya jero ƙa'idoji, kafin in kai rabi wasu sun fara gyangyaɗi. Saboda haka zan ɗauki abu guda wanda duk mun san shi, mu juya shi tare, mu ga hannaye nawa suka taɓa shi kafin ya iso gare mu.

Ga abin da ya sa na zaɓe shi. Kwanakin baya a wani zaurenmu na WhatsApp, samari biyu suka kaure da musu a kan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Duk namu ne, tare suka yi yawon liƙa fosta, tare suka kwana a rumfar zaɓe suna gadin ƙuri'a. Ɗaya ya ce ai babu wani jihadi, Fulani ne kawai suka yi wa Hausawa ƙwacen sarauta da sunan addini. Ɗayan ya ce duk wanda ya buɗe baki ya yi tambaya a kan abin da ya faru a lokacin, to ya binciki imaninsa. Kafin sallar isha'i an kai ga zagin iyaye, ɗaya ya fice daga zauren. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, na tambayi kowanne littafi nawa ya karanta a kan maganar. Na farko ya ce wani bidiyo ya gani a TikTok. Na biyu ya ce haka ya taso ya ji ana faɗa. To kun ji fa. Zumuncin shekaru ya tafi a kan bidiyon minti uku da kuma "haka na ji".

Kada mu ɗauki wannan da wasa. A lokacin da ake zubar da jini a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, irin wannan magana ba ta tsayawa a cikin waya. Tana sauka kasuwa, tana shiga ƙauye, ta zama hujjar da wani zai riƙe ya ce maƙwabcinsa ba ɗan'uwansa ba ne.

Bari mu fara da abin da babu mai jayayya a kansa. An haifi Shehu a 1754 a ƙasar Gobir, ya zauna a Degel yana karantarwa, jama'a suka yi ta taruwa a wurinsa. Zama ya yi tsami tsakanin jama'arsa da fadar Gobir, har ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A watan Yuni na wannan shekara aka yi yaƙin Tabkin Kwatto. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. A cikin waɗannan shekaru Kano da Katsina da Zazzau da Daura duk suka canja hannu. Shehu ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya gaje shi a Sakkwato. Wannan shi ne ƙashin labarin. Rigima tana farawa ne idan aka zo tambaya ta gaba: me ya sa aka yi, kuma wa ya amfana? A nan ne kowane zamani ya zo da tasa amsar, kuma in kun lura da kyau za ku ga amsar tana kama da buƙatar mai ba da ita.

Masu ba da labari na farko su ne waɗanda suka yi nasara. Yawancin abin da muka sani a rubuce daga hannun Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello ya fito. Littafin Bello, Infaƙul Maisuri, shi ne babbar majiya. Bello malami ne, amma kuma kwamandan yaƙi ne, yana rubuta labarin yaƙin da shi kansa ya yi. Ba aibi ba ne a faɗi haka. Wanda ya yi shari'a ya ci, in ya zo ba ka labari, ai ta bakinsa za ka ji. Sarkin Gobir Yunfa bai bar mana littafi ba. Zuriyar sarakunan da aka kora kuwa ba su ɓace ba: Katsinawa sun kafa Maraɗi, Gobirawa sun zauna Tsibiri, Kabawa sun riƙe Argungu, Zagezagi sun gangara kudu sun kafa Abuja ta asali wadda yau ake kira Suleja. Je ka fadar Maraɗi ko Tsibiri ka saurari maroƙa da dattawa, za ka ji labarin shekarun nan da wata murya daban. Wanda ake kira ɗan tawaye a Sakkwato, a can gwarzo ne mai kare gidan ubansa.

Amma ga wani abu da ya kamata ya ba mu kunya mu 'yan zamani. Su waɗannan da suka yi nasara, ba su ɓoye muryar masu sukarsu ba. Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi na Borno ya rubuto wasiƙu yana ƙalubalantar su. Hujjarsa ita ce mutanen Borno Musulmi ne, saɓo kuma ba ya mai da mutum kafiri, don haka da wane dalili ake yaƙarsu? Ina muka samu waɗannan wasiƙu? Bello ne da kansa ya sa su a cikin littafinsa, ya kawo maganar abokin hamayyarsa sannan ya ba da tasa amsar. Haka Abdullahi na Gwandu. Ana tsakiyar yaƙi ransa ya ɓaci da ya ga wasu daga cikin mayaƙa sun koma neman mulki da dukiya da dawakai da ƙwaraƙwarai, ya bar runduna ya kama hanyar gabas da niyyar tafiya Makka. A Kano aka tsayar da shi, a nan ya rubuta Liya'ul Hukkami. Shi ya ba da wannan labari da alƙalaminsa, babu wanda ya tona masa asiri. Sai kuma Malam Abdussalami, Ba'are, almajirin Shehu tun farko, wanda harin da aka kai wa jama'arsa a Gimbana na cikin abin da ya kunna wutar yaƙin. Bayan rasuwar Shehu ya saɓa da Bello, yana kukan rashin adalci, aka yaƙe shi a Kware, ya rasu a 1818. Bello ya rubuta littafi guda a kan wannan rikici, Sardul Kalami, ya kawo ƙorafin mutumin a ciki. Saboda haka saurayin nan namu da ke cewa tambaya haramun ce, ya sani ya fi masu abin zaƙewa.

Masu ba da labari na biyu su ne Turawa. Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris. Da Lugga ya tara manyan Sakkwato, ma'anar jawabinsa ita ce: Fulani da takobi suka ci ƙasar nan, yau mu ma da ƙarfi muka ci Fulani, don haka duk wani iko da ke hannunsu ya dawo hannunmu. Ku duba dabarar da ke ciki. Idan ya yarda cewa an kafa daular nan ne a kan wata aƙida da tsarin shari'a wanda mutane da yawa suka yi mubaya'a da shi, to shi ɗan fashi ne. Idan kuwa ya ce wata ƙabila ce baƙuwa ta danne 'yan ƙasa, to shi baƙo ne da ya karɓa daga hannun baƙo, har ma ya iya cewa ceto ya zo yi. Lugga yana buƙatar labarin ƙabila kamar yadda mai gini ke buƙatar tubali.

Daga nan jami'an mulkin mallaka suka raba mutanen ƙasar nan gida biyu a takardunsu, Fulani da Haɓe. Kalmar Haɓe ma daga Fulatanci take, tana nufin waɗanda ba Fulani ba. Suka ɗora mata ra'ayin launin fata da ake yayi a Turai a lokacin, wai duk wani abin kirki da aka gani a ƙasar baƙar fata wasu masu hasken fata ne suka kawo shi daga gabas ko arewa. Suna yabon Bafulatani cewa an halicce shi don mulki, saboda suna son ya karɓa musu haraji. Suna kuma tuna masa cewa shi baƙo ne, saboda kada ya ɗaga kai. Inda lissafinsu ya ba su kuwa, sai su juya tarihin yadda suke so. A 1906 suka mayar da tsohon gidan sarautar Daura, a wannan shekarar kuma suka sauke Dallazawa a Katsina suka naɗa Muhammadu Dikko. To saurayin nan namu na farko, mai cewa ƙwacen ƙabila ne kawai, ya sani cewa darasin Lugga yake maimaitawa, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Masu ba da labari na uku su ne iyayenmu 'yan siyasar jamhuriya ta farko, kuma a nan abin ya fi kusa da mu. Sardauna Ahmadu Bello jinin Shehu ne ta wajen Sarkin Musulmi Bello, bai taɓa ɓoye alfaharinsa da haka ba, ya ma bayyana shi a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962. A wurin NPC, jihadi gado ne: Shehu ya haɗa ƙasa, ya kafa tsari, sarakuna su ne magadansa, biyayya gare su biyayya ce ga abin da ya bari. Wannan labari ya dace da jam'iyyar da ke son Arewa ta tsaya a dunƙule, ta yi magana da murya ɗaya a gaban Kudu.

Malam Aminu Kano da mutanen NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, suka ɗauko Shehun nan dai, littattafan nan dai, suka karanto wani abu daban. Suka ce Shehu ya tashi ne a kan zalunci. A Kitabul Farƙi ya lissafa abubuwan da sarakunan zamaninsa ke yi wa talakawa, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Suka ce to ga jangali nan ana karɓa, ga gaisuwa nan ana kaiwa, ga alƙali nan yana ɗaure talaka don ya shiga jam'iyyar da hakimi ba ya so, yanzu wane ne magajin Shehu na gaskiya, mai rawani ko mai faɗa da zalunci? Ku tuna kuma Malam Aminu kansa Bafulatani ne, daga gidan malamai da alƙalai na Kano ya fito. Bai ce faɗan Hausa da Fulani ba ne. Cewa ya yi faɗan talaka da azzalumi ne. Wannan karatu ya yi tsawon rai, domin a 1979 da gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, da wannan harshe magoya baya suka yi murna.

Wane ne ya yi ƙarya a cikinsu? In za mu yi adalci, kowanne ya riƙo wani yanki na gaskiya ya saki wani. Gaskiya ne jihadi ya kafa daula mai faɗi da tsari da rubutu, kamar yadda mutanen Sardauna ke faɗa, amma ba sa son a tuna cewa gadon sarauta daga uba zuwa ɗa na cikin abin da malaman jihadin suka soka. Gaskiya ne Shehu ya yi faɗa da zalunci, kamar yadda 'yan NEPU ke faɗa, amma Shehu bai yi kiran zaɓe da ƙuri'a ba, kuma daular da aka kafa ta rayu a kan bauta, da rinji cike da bayi, da hare-hare a kan al'ummomin da ke gefenta. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san wannan ba ƙagen Turawa ba ne.

Masu ba da labari na huɗu su ne malaman jami'a. Ku riƙe wannan shekara, 1967. A cikinta littattafai biyu suka fito da Turanci a kan daula ɗaya. Na farko wani tsohon jami'in mulkin mallaka ne, Johnston, ya rubuta shi, ya kira ta Daular Fulani ta Sakkwato. Na biyu Murray Last ne, ɗalibin Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya zauna a Sakkwato ya yi aiki da takardun Larabci na gidan Waziri Junaidu, shi kuma ya kira ta Halifancin Sakkwato. Tun daga bangon littafi an riga an yanke hukunci. Suna na farko yana cewa ƙabila ce tushe, na biyu yana cewa aƙida da tsarin mulki ne tushe. Sunan na biyu shi ya yi rinjaye a jami'o'i, kuma ya fi kusa da yadda masu daular suka ɗauki kansu. Amma shi ma ɗan zamaninsa ne. Ƙasa ta samu 'yanci, ana son a nuna wa Turawan da ke cewa Afirka ba ta da tarihi cewa muna da daula da rubutu tun kafin su zo. Kuma wanda ya dogara da takardun gidan waziri, muryar fada da ta malamai zai fi ji. Muryar bawa da ta Bamaguje da ta matar ƙauye sai an je nemanta wani wuri, irin labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta, ya fito a 1954, inda tsohuwar ke ba da labarin rinjin gidansu da masu satar mutane a ƙasar Zazzau.

Sai marigayi Dokta Yusufu Bala Usman. A littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya nuna cewa raba mutane gida biyu, Haɓe da Fulani, ba ya bayyana abin da ya faru. Ya bi garuruwa da zuriyoyi da sana'o'i, ya nuna yadda al'umma ta cakuɗa, da yadda rikicin ya taso daga cikinta, tsakanin masu sarauta da malamai da fatake da manoma da makiyaya. Shi ma fa yana da ɓangare, bai taɓa ɓoyewa ba. Jikan Sarkin Katsina Dikko ne, amma ya zama sakataren gwamnatin Balarabe Musa. Bambancinsa da mai bidiyon TikTok shi ne, Bala zai gaya maka inda ya samo kowace magana, wace takarda, wane dattijo, a wane gari, don in kana da ja ka bi sawunsa ka kama shi.

Yanzu mu dawo kan namu zamanin, masu ba da labari na biyar, wato mu da wayoyinmu. Mai cewa faɗan ƙabila ne zalla, ga tambayoyinsa. Ina zai kai Abdussalami Ba'are? Ina zai kai Yakubun Bauchi, wanda ba Bafulatani ba ne amma aka ba shi tuta? Ina zai kai Fulanin da suka tsaya bayan Sarkin Gobir, da Hausawan da suka yi hijira tare da Shehu? In ƙabila ce ke bayyana komai, me ya haɗa Tukurawa da Yusufawa yaƙin basasa a Kano daga 1893, alhali duk jikokin Ibrahim Dabo ne? Shi kuma mai cewa babu ruwan ƙabila ko kaɗan, ga nasa. Me ya sa kusan duk masu tuta Fulani ne? Me ya sa sarauta ta zauna a gidaje ƙalilan har yau? Me ya sa Abdullahi ya yi fushi, me ya sa Abdussalami ya yi kuka? Kowanne daga cikin samarin nan biyu yana da tambayoyin da ba ya son a yi masa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wani zai ce, to Malam, in kowa da ɓangarensa, ke nan babu gaskiya a tarihi, kowa ya riƙe nasa. A'a. Wannan ita ce mummunar fahimtar da nake jin tsoro ku tashi da ita, kuma ita ce mafakar maƙaryata. Alƙalawa ta faɗi a 1808, ko kana so ko ba ka so. Wasiƙun Alkanemi suna nan. Jawabin Lugga yana nan a rubuce. Samun ɓangare daban, yin ƙarya daban. Ba a taɓa yin marubucin tarihi da ya sauko daga sama ba shi da gari ba shi da dangi. Abin da ake nema a wurinsa shi ne kada ya ƙirƙiri abin da bai faru ba, kada ya ɓoye hujjar da ta saɓa masa, kuma ya bar ƙofa a buɗe don a bincike shi.

Wannan ma ba ilimin Turawa ba ne da za a ce an ɗora mana. Ibnu Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya lissafa abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin labari. Na farko da ya ambata shi ne ɓangaranci: in labari ya dace da abin da zuciya ke so, sai ta karɓe shi ba bincike. Ya ambaci yarda da mai kawo labari fiye da kima, ya ambaci neman shiga wurin masu mulki ta hanyar yabo. Ya kuma ce a riƙa auna labari da hankali, in an ce runduna ta kai adadi kaza, a tambaya ko ƙasar za ta iya ciyar da ita. Malaman hadisi kuwa tun kafin shi suka kafa ilimi sukutum a kan tambayar wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, kuma mutumin nan an san shi da gaskiya? Mu da muka gaji wannan, abin kunya ne a ce hoton da aka rubuta wa magana a ƙasa, ba suna ba majiya, ya isa ya raba mu da aboki.

Saboda haka ga abin da nake roƙon matasanmu. Duk labarin tarihin da ya shigo wayarka, kafin ka tura, tambayi kanka wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, yana wurin ko ji ya yi. Tambayi me zai samu in ka yarda. Tambayi muryar wa ba ka ji ba a cikin labarin. Sannan ka yi wa kanka tambayar da ta fi ciwo: da a ce wannan labari jagoranmu ya taɓa, ba nasu ba, zan karɓe shi da wannan hujja? In amsar a'a ce, to cire hannunka. Labarin da ya yi maka daɗi ƙwarai shi ya fi cancantar ka tsananta masa bincike, domin so hana ganin laifi ne.

Kuma kada mu tsaya a 1804, mu tafi gida muna jin mun tsira. Tarihin jiya-jiya ma haka muke yi masa. Yau kusan kowane ɗan siyasa a Kano da kewaye cewa yake shi ne magajin Malam Aminu. Amma mutum nawa ke son a tuna cewa PRP ta dare gida biyu tun 1980, 'yan Taɓo da 'yan Santsi, har aka kori gwamnoninta biyu daga jam'iyya, kuma mutanen da duk suka sha ɗauri tare a zamanin NEPU suka koma ba sa ga maciji? Tambayi dattijon Taɓo, tambayi dattijon Santsi, za ka ji labari biyu, kowanne da rantsuwa. Malam ya rasu a watan Afrilu na 1983 ba a gama ɗinke ɓarakar ba. Wannan bai rage masa daraja ba, bai kuma rage wa Rimi ba. Yana nuna mana ne cewa mutane ne, sun yi daidai sun yi kuskure, kuma wanda ya share kuskuren daga labari ya hana na baya darasin da ya fi buƙata. Shi ya sa muke ta maimaita rabuwa iri ɗaya, kowane zagaye muna mamaki kamar ba a taɓa yi ba.

Mu ma nan gaba za a ba da labarinmu. Abin da muke rubutawa a Facebook yau, shi ne takardun da jikokinmu za su tona. In sun tarar duk wanda ya bar mu mun mai da shi maci amana tun daga haihuwa, duk wanda ya dawo mun wanke shi tas kamar bai taɓa tafiya ba, za su san ba tarihi muka bar musu ba, kuma ba za su yarda da mu ba ko a inda muka faɗi gaskiya. Akwai kuma hasara tun yanzu. Tafiyar da ke gaya wa kanta cewa ba ta taɓa faɗuwa zaɓe ba sai an yi mata maguɗi, ba za ta taɓa zama ta duba mazaɓar da ta yi sakaci ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ba na ce ku daina kare abin da kuka yi imani da shi ba. Ku kare shi da ƙarfinku, amma da abin da in an ce kawo hujja za ku iya kawowa. Sarkin Musulmi Bello yana da takobi yana da mulki, da ya ga dama da ya ƙone wasiƙun Alkanemi, babu mai tambayarsa. Sai ya kwafe su a littafinsa, ya ba da amsa, ya bar wa na baya su yi hukunci. Mu da ba mu da komai sai waya da data, ai bai kamata mu kasa haka ba.

Samarin nan biyu kuwa, na ba kowannensu aiki. Mai cewa ƙwace ne zai karanto mana labarin Abdussalami da Yakubun Bauchi. Mai cewa tambaya haramun ce zai karanto mana abin da ya kai Abdullahi Kano. A zama na gaba su za su tsaya a nan inda nake, mu kuma mu saurara.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.